Tambaya Da Amsa: Ina Son Karantar Rawa A Jami'a, Baba Ya Ce Ba Da Kuɗinsa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 18, a Unguwar Rogo nake zaune, nan Jos. Bana na gama sakandare, sakamakon ya yi kyau, har da kiredit a Adabin Turanci. Tun ina firamare nake rawa. Mu shida ne a ƙungiyarmu, ana kiran mu biki da taron makarantu, wani bidiyonmu ma ya zagaya sosai a TikTok. Na ji an ce ana karantar rawa a jami'a, ni kuma ita nake so ta zama sana'ata. Da na faɗa wa Baba sai ya ce shi ba zai biya kuɗin makaranta a koya wa ɗansa tsalle-tsalle ba, ko in nemi Akanta, ko in zauna masa a shagonsa na Taminus. Abokaina kuma sun ce ɓata shekara huɗu ne, tunda na riga na iya. Malam, wa zan bi? Kuma da gaske digirin yana kai mutum wani wuri?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka cike fom. Saƙonka ya kwana uku a wayata ina buɗewa ina rufewa, domin kusan maganar da Babanka ya faɗa maka ita mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya faɗa mini a kan keken ɗinkinsa a Gangare, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Ko kai bai ɗaga ba daga wuyan rigar da yake yi wa aiki. Ka ga ke nan ba daga tsallaken titi nake hango maka wannan lamari ba.

Bari in fara da abokanka, don tasu maganar ta fi ta Baba haɗari. "Ka riga ka iya." Ni ma da wannan maganar a kaina na shiga Jami'ar Jos. A lokacin duk bikin da za a yi daga Gangare zuwa Dilimi sai an aiko a kira ni. Darasinmu na farko na rawa ƙarfe shida na safe aka sa shi, cikin hunturu, kai ma ka san sanyin Jos, wanda ruwan alwala ke yanka hannu kamar reza. Muka taru a dandalin wasan kwaikwayo, wanda ba shi da rufi, kowa ƙafa ba takalmi. Ina jira a buga ganga in nuna abin da na iya. Ba a buga ba. Malamar ta ce mu yi tafiya kawai, daga wannan gefe zuwa wancan. Muka yi ta kai da komowa kusan awa guda tana bin mu da ido. Da ta iso kaina sai ta sa 'yar sandar da ke hannunta ta taɓa kafaɗata ta hagu, ta ce ta fi ta dama tashi. Ta nuna ƙafata ta dama, ta ce da gefen tafin nake taka ƙasa. Ta ce duk sanda zan juya sai na riƙe numfashi, shi ya sa nake saurin haki. Shekara goma ina rawa ana yi mini liƙi, ba wanda ya taɓa gaya mini ko ɗaya daga cikin ukun nan, domin 'yan biki ba gyara suka zo yi ba, nishaɗi suka zo nema. Masu yaba maka a TikTok ma haka suke. Suna ƙaunarka, amma ba za su ga kafaɗarka ba.

To amma kada ka ɗauka da ka shiga jami'a rawa za ka wuni kana yi. A mafi yawan jami'o'in ƙasar nan rawa ba ta da sashe nata na kanta, ɗaki guda ce a cikin gidan nazarin wasan kwaikwayo. A nan Jos sashen ya haɗa wasan kwaikwayo da fim. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sashen wasan kwaikwayo da fasahohin dandali, Jami'ar Abuja ma tana da nata. A Jami'ar Ilori an kasa karatun gida uku, wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa, ɗalibi ya zaɓi inda zai ƙware, don haka mai son rawa ya kamata ya sa ta cikin lissafinsa. Shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB, uku ga wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu da difloma ko NCE. Ana neman kiredit biyar, Turanci da Adabin Turanci na ciki, a JAMB ɗin ma sai ka rubuta Adabin. Sauran darussan kowace jami'a da nata sharaɗin, kuma yakan sauya, saboda haka ka buɗe kundin JAMB na shekarar da za ka rubuta ka karanta da idonka. Kada ka bar mai shagon intanet ya zaɓa maka.

A cikin shekara huɗun nan za ka karanta tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girka ta dā, za ka haddace rubutattun wasanni, za ka riƙe guduma ka kafa katakon dandali, ka hau tsani ka ɗaura fitila, ka koyi kayan sawa da kwalliyar 'yan wasa, a ƙarshe ka rubuta kundin bincike. Rawa kuwa 'yan awoyi ne a mako. Ga yajin aikin malamai, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Takarda tana iya jira, jikin ɗan shekara ashirin ba ya jira. Don haka ka ji wannan da kyau, domin ita ce maganar da nake so ka riƙe: jami'a ba za ta gina maka jikin ɗan rawa ba. Wannan aikinka ne, kullum, kafin lacca da bayan lacca, ko ana yajin aiki ko ba a yi. Na ga waɗanda suka fita da digiri mai daraja amma ba za su iya rawar minti biyar a jere ba. Laifinsu ne, sun zata zama a aji ya isa.

To me za ta ba ka? Ido za ta ba ka, da hanyar tunani a kan abin da ƙafarka ke yi. Ranar da ba na mantawa ita ce wadda aka nuna mana cewa ana rubuta rawa a takarda kamar yadda ake rubuta magana. Wani Bature mai suna Rudolf Laban ne ya fitar da tsarin a 1928. Layi uku ne a tsaye, daga ƙasa ake karantawa zuwa sama, layin tsakiya ya raba jiki biyu, dama da hagu. Siffar alama tana nuna inda za a dosa, tsawonta yana nuna lokacin da motsin zai ɗauka. In an cike ta da baƙi, to ƙasa-ƙasa za a yi, gwiwa a lanƙwashe. In ɗigo ne a tsakiyarta, tsaka-tsaki ke nan. In an yi mata zane-zane, to sama, a kan yatsun ƙafa. Yau waya tana ɗaukar bidiyo, ba kullum nake komawa ga wannan rubutu ba. Amma wanda ya taɓa zama ya warware taku ɗaya zuwa sassansa, idonsa ya buɗe ke nan har abada. Yanzu in na kalli Swange ta Tibi ina ganin yadda motsin ke tasowa daga ƙugu ya bi gadon baya kamar igiyar ruwa. In na kalli Bata ta Yarbawa ina ganin yadda kafaɗa ke yankewa daidai da bugun ganga. Atilogwu ta Ibo ƙarfi ce da alkafura, Asharuwa ta maƙwabtanmu Afizere kuwa sarewa ce ke jan ta, ƙafa na bi. Mai irin wannan idon shi ake miƙa wa mutum talatin a ce ya tsara musu rawar minti goma sha biyu, ya san inda kowa zai shigo da inda zai fita, da lokacin da dandali zai yi tsit. Mai tsara rawa da ɗan rawa ba kuɗinsu ɗaya ba, daɗewarsu a sana'ar ma ba ɗaya ba.

Abu na biyu da jami'a ta yi mini, wanda ban zata ba, shi ne ta maido ni gida. Kundin bincikena a kan rawar mahauta na yi shi. Wata uku ina zuwa wajen wani tsohon makaɗin kalangu a 'Yan Shanu, da 'yar rikodata mai kaset da goro a aljihu. Ranar farko ya ɗauki kalangun ya matse shi a hammata, ya buga wani take sau uku, ya ce in gaya masa bambancinsu. Na ce duk ɗaya ne. Ya girgiza kai. Ya sake bugawa a hankali, yana matse tsirkiya yana saki, yana faɗin kalmomin da baki. Ashe kirari ne. Na farko na sarkin fawa ne, na biyu na wani mahauci ne da ya rasu, na uku kira ne ga duk mai jin kansa ya fito fili. Ya ce in taka ya gani. Na taka iya ƙarfina. Ya ajiye makaɗin ya ce, "Yaro, kai ƙasa kake takawa. Ganga magana take yi maka, kai kuwa ba ka amsa mata." A gaban tsohon nan na gane cewa a ƙasar Hausa rawa ba ta taɓa tafiya ita kaɗai ba, da sana'a take tafe. Mahauta da kalangunsu, maƙera da dundufarsu, manoma da gangar noma ranar gayya, 'yan tauri da maharba kowa da nasa kiɗan da takunsa, 'yan mata da gaɗarsu a dandali da farin wata. Koroso ta Kano, da ake ɗaura wa ƙafa kayan caccaka, daga irin wannan takun na gargajiya aka gina ta aka kai ta dandali. Tsohon nan ya rasu shekara biyu bayan na gama, ba ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya gaji kalangun. Kaset goma sha ɗaya da na ɗauka da abin da na rubuta su ne suka rage. Duk sanda wani ya ce mini karatun rawa ɓata lokaci ne, kasetocin nan nake tunawa. Akwai irin wannan tsohon a unguwarku yanzu haka, ka neme shi tun yana da rai.

Yanzu maganar gwiwa. Ina da shekara 31 aka kai tawagarmu wani taro a Abuja. Siminti ne aka shimfiɗa wa jan kafet, sai ka rantse wuri mai laushi ne. A tsalle na uku na sauka na ji ƙas a gwiwar dama. Na ƙarasa rawar, don ba a barin dandali a tsakiya, amma ɗauka ta aka yi zuwa mota. Likitan ƙashi ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta tsinke. Wata biyar ina dogara sanda, kuɗin taron ma sai bayan wata bakwai muka gan su. A tawagar nan akwai mutum biyu da suka fi ni iya rawa nesa ba kusa ba. Su ma jiki ya tsayar da su kafin su kai arba'in, domin haka sana'ar take, ɗan rawa da ɗan ƙwallo kusan tare suke ajiye takalmi. Amma su ba su da takarda. Ɗaya yana tuƙa keke mai ƙafa uku a hanyar Bukuru. Sana'a ce ta halal yana ci da iyalinsa, sai dai duk sanda muka haɗu zancen rawa yake ɗaukowa har idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa da na ajiye sandar, digirin nan ne ya sa wata makaranta ta ɗauke ni koyarwa, daga nan aka fara kira na tsara rawa. Har yau ina cikin sana'ar, ko da yake rabona da tsalle shekara ashirin. Tun yanzu ka riƙa ɗumama jiki minti goma sha biyar kafin ka fara, ka miƙe jijiyoyi bayan ka gama, ka guji tsalle a kan siminti. Katako ko ƙasa ka nema. In ka yi targaɗe a idon sawu ka huta ya warke, kada ka ɗaure shi da tsumma ka koma fili don an riga an karɓi kuɗi.

Ka tambaya ko digirin yana kai mutum wani wuri. Ba ya kai kowa ofis kamar yadda na likita ke kai shi asibiti. Akwai aikin albashi, amma kaɗan ne. Jihohi suna da hukumomin raya al'adu masu tawagar rawa, su ne ke haɗuwa a bikin fasaha da al'adu na ƙasa, wato NAFEST, wanda aka fara tun 1970, kuma nan Jos ta karɓi baƙuncinsa a 2020. Akwai Tawagar Al'adu ta Ƙasa, wadda marigayi Hubert Ogunde ya fara jagoranta, mazauninta a babban ɗakin wasanni na Iganmu a Legas, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977. Akwai bikin kanibal na Abuja da aka fara a 2005. Guraben nan ba kullum suke buɗewa ba, in sun buɗe kuma masu nema sun fi su yawa. Yawancinmu haɗa aiki muke yi: koyarwa a makarantu masu zaman kansu, tsara rawar fim da ta bidiyon mawaƙa, bukukuwa, da wasannin wayar da kai da ƙungiyoyi ke kai wa ƙauyuka, fannin da Zariya ta yi suna a kansa. Kai ka yi sa'ar gari, domin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim duk a nan Jos suke, ga Kwalejin Talabijin ta NTA. Ɗaliban wuraren nan kullum suna neman mai tsara musu motsi a gaban kyamara, kuma su ne daraktocin gobe. Ka san su tun suna ɗalibai. Duk aikin da za ka yi kuwa, ko na ɗan uwanka ne, a rubuta yarjejeniya, a ba ka kafin alƙalami. Wata bakwai ɗin nan da na faɗa maka rashin rubutacciyar yarjejeniya ne ya jawo su.

Sai Baba. Kada ka ɗauke shi abokin gaba, ɗana. In ya ji kalmar rawa abin da yake gani shi ne gidan gala, da kwanan waje, da shaye-shaye, da cakuɗar maza da mata. Ya kuma san cewa a al'adarmu makaɗi da ɗan rawa kusa da maroƙi ake ajiye su, ranar da za ka je neman aure sai an tambayi sana'arka. Duk abin da yake tsoro akwai shi, na ga ya cinye yara masu baiwa. Harshenmu dai in yana son yabon mutum cewa yake yi ya taka rawar gani, amma ba mu cika son a ce ɗanmu ne mai takawar ba. Wannan ciwo ne da na daɗe ina ɗauke da shi. Ta fuskar addini malamai sun yi magana a kan kiɗa da rawa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa. Ka je wajen malamin da Baba yake ganin girmansa, ka faɗa masa ainihin abin da za ka yi ba tare da kwana-kwana ba, ka saurara. Ni iyakokin da na shata wa kaina tun farko su ne ba na aiki inda ake shan giya, ba na tsara rawar da namiji zai riƙe mace, kuma in lokacin salla ya yi ganga tana yin shiru. Na rasa ayyuka masu tsoka saboda haka, ban kuma yi nadama ba. Kai ma sai ka shata naka tun kafin kuɗi su fara magana.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka ba kanka wata uku. Kullum bayan sallar asuba ka yi awa ɗaya da rabi kana aikin jiki, ba waya, ba kyamara, ba mai kallo. Da hantsi ka tafi shagon Baba ka yi masa aiki da zuciya ɗaya. In wata ukun suka cika kana ɗokin asubar nan, to rawar kake so. In ka ga ba ta da daɗi sai da 'yan kallo, to yabo kake so, ka nemi Akanta hankalinka kwance. In ka ci wannan jarrabawar ta wata uku, ka sami kawunka ko baffanka da Baba yake jin nauyinsa, ku je tare. Ka tafi da takarda a rubuce: sunan kwas ɗin, darussan da ke ciki, aikin da ake yi da shi, da alkawarin riƙe masa shago ranar Asabar da lokacin hutu. In kuɗi ne matsalar, akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024, amma kada ka yi amfani da shi don ka zagaye mahaifinka. In ya amince, ka shiga, ni ina ganin karatun ya cancanci shekara huɗunka. In ya kafe ya ce a'a, ka bi shi. Ka karanci Akantar, ka shiga tawagar ɗalibai, ka riƙa leƙa gwajin 'yan sashen wasan kwaikwayo, ba sa korar mai son aiki. Ali Nuhu ma ilimin labarin ƙasa ya karanta a nan Jami'ar Jos. Ƙungiyarku ta mutum shida kuwa tana bukatar wanda ya iya lissafi fiye da yadda kake zato.

Nawa mahaifin kawuna ne ya shawo kansa ya biya kuɗin, amma shekara huɗu bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Ranar wasanmu na kammalawa kawun ya ɗauko shi a babur. Ya zauna can baya, hula a goshi, hannu a harɗe. Ni ne na tsara rawar mahautan, mutum goma sha huɗu, tsohon makaɗin nan da kansa ya riƙe kalangu. Da aka tashi na same shi a bakin ƙofa, gabana na faɗuwa. Bai ce ta yi kyau ba. Ya kama hannun taguwar da ke jikina ya juya bakin ɗinkin ya duba, ya ce wanda ya ɗinka wannan bai san za a ɗaga hannu da ita ba, hammatar ta matse, nan gaba in kawo masa. Shi ya ɗinka mana kaya shekara shida, har idonsa ya daina ganin kafar allura.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Kubwa, Abuja. 'Yata mai shekara 15 ta kamu da son rawar bale, a YouTube take koyo, har tana roƙona in saya mata takalmin tsayawa a kan yatsu. Wani a intanet ya ce in mun biya shi zai sama mata gurbi a wata makaranta a Ingila. Me ka gani?

AMSA: Hajiya, kada ki ba shi ko sisi. Makarantun rawa na gaske da gwaji suke ɗaukar ɗalibi. Akan fara da bidiyo, sannan su ga yarinya da idonsu, kuma duk ƙa'idojinsu suna rubuce a shafinsu na intanet, ke da kanki za ki iya aika musu saƙo. Wataƙila labarin yaron nan na Legas, Anthony Madu, ya ja hankalinta, wanda bidiyonsa yana bale cikin ruwan sama ya zagaya duniya a 2020 yana ɗan shekara 11, daga baya ya tafi makarantar Elmhurst a Birmingham. Ki tuna mata cewa kafin bidiyon yana da malami da ke tsaye a kansa yana gyara masa ƙafa. Ba dillali ne ya kai shi ba.

Takalmin ma ki dakata. Sai an yi shekaru ana ƙarfafa idon sawu da tafin ƙafa kafin malama ta yarda yarinya ta hau kan yatsu, in ta hau ita kaɗai a tsakar gida lahanin zai iya bin ta har tsufa. Gaskiya kuma, masu zama ƙwararrun 'yan bale yawanci tun suna wajen shekara goma suke fara horo mai tsanani, don haka a 15 wannan ƙofar ta ƙuntata. Amma ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Abin da ta koya zai yi mata amfani a rawar zamani ta dandali da rawar gargajiya, waɗanda ba su da wannan tsaurin shekaru. Karatun rawa a jami'a ba sabon abu ba ne, Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta fara shi tun 1926, kuma ba sai an ƙetare teku ba. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da sashen nazarin rawa mai zaman kansa. A Senegal akwai makarantar da Germaine Acogny ta kafa a Toubab Dialaw a bakin teku, inda ɗaya daga cikin ɗakunan horon yashi ne daɓensa, 'yan rawa daga ko'ina a Afirka suna zuwa can.

Kafin duk wannan, ta gama sakandare da kiredit a Adabin Turanci. Ke kuma ki kai ta Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki ta ga masu rawa ido da ido, ki tambaya a nan a haɗa ki da malama mace. In kin samu, kada ki sauke ta a ƙofa ki juya. Ki shiga ki zauna ki kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Ki lura ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko malamar tana gyara wa kowace yarinya ko tsayawa kawai take yi a gaba tana nunawa. Sannan ki cire takalminki ki taka daɓen da ƙafarki. In siminti ne ko tayil, ki kamo hannun 'yarki ku nemi wani wurin.